Ranar da Arzika Ya Ɗauko Iyakar Ƙasa a Jirgi

A can ƙasar Illo, inda Kwara ke shigowa Nijeriya, akwai wata 'yar tunga da ake kira Tungar Gawo. Mutanenta manoman shinkafa ne da masunta. A nan aka yi wani mutum mai suna Arzika, wanda in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya haƙa Kwarar da hannunsa.

Abin da ya ɗaure masa gindi shi ne, a zamanin Turawa ya taɓa yi wa wani Di'o dakon kaya kwana huɗu. Da za su rabu, Baturen ya miƙa masa wata tsohuwar lema mai karyayyun haƙarƙari biyu. Tun daga ranar Arzika bai ƙara fita ba tare da lemar nan ba, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma ba a ƙara yin zancen gwamnati a tungar ba sai ya gyara murya ya ce, "Ku bari wanda ya san ciki shi yi magana."

To, a shekara ta biyu da samun mulkin kai, Kwara ta yi fushi. Shinkafa ta fara fid da kai ke nan, ruwa ya hauro fadama ya shafe ta, ba a bar wa kowa ko zangarniya ɗaya ba. Rumbun Arzika kuwa ɗan abin da ya rage a ciki bai kai su watan gobe ba, shi da matarsa Sabuwa da 'ya'yansu.

Ran Litinin sai ga mai shela yana zagaya tunga. Ya ce gwamnati ta ji kukan manoman Nijeriya da ruwa ya ci gonakinsu, za a ba kowa kuɗin taimako ya sayi hatsi. Malamin gona zai zo daga Birnin Kebbi ran Alhamis da hantsi, kowane magidanci ya hallara a ƙofar gidan Maigari Ma'azu.

Kowa ya yi hamdala, sai Arzika da ya koma gida yana cizon yatsa.

Dalili kuwa, a tsakiyar fadamar nan akwai wani turken siminti da Turawa suka kafa tun kafin a haife shi. Gabas da turken Nijeriya, yamma da shi Dahome, wadda tsofaffi har lokacin ke kira Faransa. Mutanen tunga ba su taɓa ɗaukar turken a bakin komai ba, abin ɗaure jaki ne da rataya gorar ruwa. Amma gonar Arzika, wadda ya gada daga kakansa, taku arba'in take yamma da turken.

Ya zauna a tsakar gida ya ce, "Sabuwa, kin ji shela? Nijeriya anka ce. Gonata ko tana Faransa."

Sabuwa tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "To ka tai ka tambayi Maigari mana, Malam."

"In tambaya? Ni? Tambaya ta wanda bai sani ba ce. Ni da na kwana huɗu da gwamnati, na san tarinta, na san atishawarta. Malamin gona zai zo da awo, shi tsaya ga turke, shi duba gabas, shi rubuta. Abin da ke yamma ko kallo bai ishe shi ba."

"To mi za ka yi? Ka ɗauko gonar bisa kai?"

Arzika ya yi murmushi irin na wanda aka taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ce, "Kin ga bambancin tunanin maza da na mata ke nan. Gona ba ta ɗaukuwa. Turke fa?"

Sabuwa ta ajiye rariya ta dube shi da kyau. Ta ce, "Malam, gidan Maigari taku ashirin ne daga nan. Ba ruwa, ba laka."

Amma tuni ya saɓi dagi da lema ya fice.

Ruwa a gindin turken ya kai masa ƙugu. Ya soke lemar a bayan wuyan riga, ya shiga saran ƙasa a cikin ruwa, yana sara yana lalube da ƙafa. A ransa aikin bai wuce na shan fura ba. Bai san turken nan kunnen dorina ba ne, abin da ke ƙasa ya ninka na sama. Ya wuni Litinin, ya wuni Talata. Matsattsaku suka same shi kamar an yi musu gayya.

Talata da la'asar sai ga Namadi a cikin jirginsa yana duba koma. Namadi masunci ne, kuma taubashin Arzika, don haka bakinsa ba linzami a kansa. Ya tsayar da jirgi ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Sannu da aiki, bawana. Rijiya kaka gina cikin ruwa? Ƙishirwa ta yi tsanani haka?"

Arzika ya ce, "Wuce, Namadi. Aikin gwamnati nika yi."

"Wace daga ciki? Ta nan ko ta can? Na ga ƙafarka guda na Nijeriya, guda na Faransa."

"Kai dai kifi ka sani. In na gama, ƙasar ga za ta ƙaru da taku arba'in, kuma ba a harba bindiga ko guda ba."

Namadi ya yi dariya har jirgi na tangaɗi. Ya ce, "Allah shi taimaki soja. Amma ka cire abin da ke bayan gwiwarka, ya sha ya ƙoshi."

Da magariba ta gabato turken ya fara girgiza kamar haƙorin tsohuwa, amma ya ƙi fita. Arzika ya koma gida ƙafafu duk jini, ya ce wa Sabuwa saura ƙiris.

Ran Laraba da safe ya nufi rugar Yero, wani Bafillace da ke zaune a tudun gabas da tunga, ya roƙi aron takarkarinsa. Yero ya dubi lemar, sannan ya ce, "Zan ba ka, don maƙwabtaka. Amma sa na ba shi son tsawa, ba shi son bugu, ba shi son baƙon abu. Ka yi mishi magana a hankali, shina ji."

Arzika ya ce, "Yero, ni da na bi da dokin Di'o? Sa mi ne ne?"

Ya ja san har fadama, ya ɗaura igiya a wuyan turke, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙirjin sa, ya juya kansa yamma. Ya ce, "To, bisimilla." Sa ya tsaya yana tuƙa. Ya lallashe shi da Hausa, ya gwada Dandanci, ya haɗa da 'yan kalmomin Fillanci uku da ya sani, waɗanda biyu a ciki gaisuwa ce. Sa ya dube shi ya ci gaba da tuƙa.

Rana ta take. Zufa ta karyo wa Arzika. Ya zaro lema don ya sami inuwa ya yi tunani, ya buɗe ta fat a gaban hancin sa.

Abin da ya biyo baya, matan da ke wanki a bakin ruwa sun fi kowa ba da labarinsa. Sa ya yi wata irin zabura, ya juya, turke ya fito daga ƙasa da ƙara kamar an cire ƙafar giwa daga taɓo. Sai dai sa bai san yamma ba, gidansu ya sani. Ya miƙe gabas yana keta ruwa, turke na biye, Arzika na biye da turke, don igiya ta naɗe masa hannu. Lema a buɗe a ɗaya hannun, bai sake ta ba.

Sai da suka ratsa gonaki bakwai igiyar ta tsinke. Sa ya haye tudu ya tafi abinsa. Turke ya kwanta a cikin ruwa iya gwiwa, Arzika ya kwanta kusa da shi.

Da ya miƙe ya share laka daga ido, ya duba hagu ya duba dama, sai ya ga ɓarnar da ya yi. Turken yanzu yana gabas da gonar Liman, gabas da gonar Namadi, gabas da gonar Maigari kansa. A lissafinsa, da safiya ɗaya ya miƙa wa Dahome rabin fadamar Tungar Gawo.

Wata tsohuwa daga cikin masu wanki ta ɗaga murya ta ce, "Arzika, kai ne ko dodon ruwa? In kai ne ka yi sallama."

Ya ce, "Ni ne, Inna. Gwajin ƙarfin sa nika yi wa Yero."

"To ya ci jarrabawa?"

Arzika ya naɗe lemarsa. Ya lallaɓa ta bayan gari zuwa gidan Namadi.

Namadi ya saurari labarin yana gyaran koma, yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce. Da Arzika ya gama sai ya ce, "Wato yanzu ni Bafaranse ne? Ka bari in shaida wa matata ta fara dafa mini abincinsu."

"Bar wasa, taubashi. In malamin gona ya iske turken can, ba wanda zai samu ko anini, kuma ni za a ci. Ara mini jirginka gobe da sassafe. In ɗora shi, in kai shi yamma da gonata, in dawo kafin a shimfiɗa tabarma."

"Ka iya tuƙi?"

"Ni da na ƙetare Kwara da Di'o?"

"A zaune ka ƙetare, kana riƙe da tukunyar shayinsa." Namadi ya yi ajiyar zuciya. "Zan taya ka ɗorawa, don gonata na ciki. Amma ba ni bin ka, ina da kiran suna wajen malamin gona. Ka bi gefen ciyawa. Kada ka kuskura ka shiga tsakiyar gulbi, ruwa na da gudu."

Alhamis bayan sallar asuba suka je su biyu. Da gungumen itace da igiya da salati suka mirgina turken cikin jirgi. Jirgi ya nutsa har saura yatsa huɗu ruwa ya shiga. Namadi ya miƙa masa gorar tuƙi, ya haye tudu ya tafi yana waige.

Da farko abin ya yi kyau. Arzika ya bi gefen ciyawa, yana dogara gora yana turawa, har ya fara waƙa. Can sai ya ga gefen ciyawar nan zagaye ne mai nisa, ga kuwa hanya miƙaƙƙiya ta tsakiya. Ya ce a ransa, masunta da tsoro. Ya karkata kan jirgi.

Turawa ta uku, gora ta kafe a laka. Ya ja, ta ƙi. Jirgi kuwa bai tsaya jiran shawara ba. Arzika ya ga ko dai ya bi gora ko ya bi jirgi, ya saki gora. Ta tsaya cak a tsakiyar ruwa tana yi masa bankwana, gulbi ya ɗauki jirgi ya juya shi sau biyu, ya nufi gabas da shi, wato hanyar tunga.

A wannan lokacin kuwa ƙofar gidan Maigari ta cika. Gidan a bakin ruwa yake, ambaliya ta zo har kusa da gindin tsamiyar da ake zama. Malamin gona, wani dogon saurayi mai suna Malam Bunyaminu, yana zaune a kan kujera da littafi da akwatin ƙarfe, ɗan doka na tsaye a bayansa. In ya kira suna, mutum ya taso, Maigari ya shaida ruwa ya ci gonarsa, ya dangwala yatsa a tawada, a ba shi nasa.

"Arzika na Tungar Gawo."

Shiru.

Ya sake kira. Ya kira na uku. Sabuwa, da ke tsaye can baya cikin mata, ta ji kamar ta nutse. Malam Bunyaminu ya ce, "Wanda bai zo ba, sai mu koma da rabonsa Birnin Kebbi." Ya ɗaga alƙalami.

Namadi ya ce, "Ranka shi daɗe, dakata kaɗan. Ga shi can tafe."

Kowa ya juya. Ga jirgi na gangarowa a karkace, ba gora ba filafili, ga wani abu fari dogo kwance a ciki kamar gawa, ga mutum a zaune a kansa. Arzika ya hango taron, ya hango jar hular ɗan doka. Dabara ta ƙarshe da ta zo masa ita ce ya ɓoye fuska, ruwa ya wuce da shi ba a gane shi ba. Ya buɗe lema, lemar da ko jariri a tungar ya san mai ita.

Iska ta sami abin kamawa. Ta cika lemar, ta juya kan jirgi, ta kawo shi tiryan-tiryan har gindin tsamiya. Jirgi ya daki saiwa, ya kife. Turke ya faɗa ruwa iya ƙauri, ya watsa wa littafin gwamnati laka. Arzika ya taso a gaban malamin gona da ganyen bado a ka.

Ya ce, "Salamu alaikum. Na ji an kira ni."

Ba wanda ya iya amsa sallamar sai Liman. Malam Bunyaminu ya share littafinsa, ya taso ya zagaya turken, ya ga lambar da ke jikinsa. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Maigari, wannan ba turken iyaka ba ne? Wa ya tumɓuke shi? Kun san wannan maganar ɗauri ce?"

Maigari Ma'azu dattijo ne mai sanyin hali, ba ya son a ɗaure masa mutum. Ya shafa gemu ya ce, "Malam, ka ga irin ruwan bana. Ya ka da kuka, ya ka da rumbuna. Ina ga shi ya kwaso turken, wanga bawan Allah ya tsinto shi ya kawo wa hukuma."

Sabuwa ta yi maza ta ce daga baya, "Haka ne, ranka shi daɗe. Ruwa ne."

Namadi ya ce, "Ruwa ne." Jama'a suka amsa, "Ruwa ne, ruwa ne."

Malam Bunyaminu ya fara sassautowa. Ya ce, "To, in ruwa ne, ba laifin kowa. Dama simintin Turawan nan, wa zai iya cire shi da hannu?"

Da Arzika ya yi shiru a nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma maganar ta yi masa zafi. Kwana uku na wahala, a ce ruwa?

Ya ce, "Wane ruwa? Ruwa na da dagi? Ranka shi daɗe, dubi hannuna. Kwana biyu ina gina ƙarƙashinsa, matsattsaku na sha na. Ruwan ga shekara nawa yana zuwa bai ko girgiza shi ba? Ni Arzika na cire shi, ni kaɗai, sai ɗan taimakon sa."

Maigari ya rufe ido. Sabuwa ta ɗora hannu a ka. Namadi ya zauna a ƙasa don ƙafafunsa sun kasa ɗaukar dariyarsa.

Malam Bunyaminu ya ce, "Don me?"

Arzika ya gyara tsayuwa ya bayyana masa dukan dabarar, da taku arba'in, da yadda gwamnati ke tsayawa ga turke ta duba gabas. Ya ƙare da cewa, "Kai ma ka san haka aikin yake, mu da muka san ciki."

Malamin gona ya dube shi, ya dubi littafi, ya juyo da shi ya nuna masa. Ya ce, "Baba, wannan sunayen masu biyan haraji a hannun Maigari ne. Da shi muke aiki. Wanda ke cikinsa, ruwa ya ci gonarsa, namu ne, ko gonar tana ina. Mutum tara na sallama yau masu gona yamma da turke. Sunanka na nan tun ran Litinin."

Maigari ya ce a hankali, "Da ka tako ka tambaye ni, Arzika."

Daga cikin mata aka ji muryar Sabuwa: "Taku ashirin. Ba ruwa, ba laka."

Nan fa taro ya fashe. Har ɗan doka sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Malam Bunyaminu ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Da ya sami numfashi ya ce ba zai kai maganar gaba ba, albarkacin Maigari da 'ya'yan da ke gida. Amma turke zai zauna a hannun Arzika amana har ruwa ya janye a ga raminsa, sannan ya mai da shi da kansa, a gaban Maigari, ba sa ba jirgi.

Arzika ya ce ya yarda, ya miƙa babban yatsa wajen tawada.

Malam Bunyaminu ya janye kwalbar. Ya ce, "A'a. Hannun da ya tumɓuke iyakar ƙasa ya fi ƙarfin 'yan kuɗin nan. Ina matar da ta ce taku ashirin?"

Sabuwa ta fito tana gyara lulluɓi, ta dangwala, ta ƙulle kuɗin a bakin zane. Ran kasuwar Illo ta sa aka auno gero da dawa aka zuba a rumbu, ta liƙe bakinsa da hannunta.

Turke kuwa, samari takwas suka ɗauko shi, da suka gaji suka yar da shi a gicciye a bakin ƙofar da ke tsakanin zauren Arzika da cikin gida. Wata uku yana nan. Duk mai wucewa sai ya leƙa ya ce, "Arzika, yaya mutanen Faransa?" Shi kuwa ya kaɗa lema ya ce, "Ku yi ta dariya. Sarakuna na da ƙasa, amma wa kunka taɓa gani da iyaka a ƙofar ɗaki?"

Ranar da aka kawo hatsin, bayan sallar magariba, yana zaune a zaure ƙamshin miyar kuka ya iso shi. Ya jira a kawo, ba a kawo ba. Ya leƙa ya ga Sabuwa ta ajiye akushi a tsakar gida, ita da yara sun kewaye shi.

Ya ce, "Sabuwa, an manta da maigida?"

Ta ce, "Ba a manta ba, Malam. Tuwon ga na taimakon Nijeriya ne. Kai ko, in na duba daidai, yamma da turke kake."

Arzika ya buɗe baki zai kawo hujja, cikinsa ya riga shi magana. Ya tattare riga, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka.

Sabuwa ta ce, "Tsaya. Mai shiga ƙasar mutane tambaya yake yi."

Ya daɗe a tsaye da ƙafa ɗaya a sama. Sannan, a karo na farko tun da Bature ya ba shi lema, Arzika ya yi tambaya. Ya ce, "In shigo?"